Wanda ya ci ladan kuturu: yadda garabasar kamfanonin caca take, da dalilin ƙwace ta

Wata Asabar bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida nan Tudun Wada, Gusau, ina duba takardun jarrabawar ɗalibai, sai ga ɗan yayata. Ya gaishe ni, ya tsuguna, ya yi ta juya waya a hannu. Shekararsa 23, gyaran waya yake yi, kuma ba yaro ne mai nauyin baki ba. Da shirun ya yi yawa na ce, "Lafiya dai?"

"Kawu, wasu mutane ne sunka riƙe min kuɗɗi."

"Su wa?"

Sai ya miƙo wayar. Saƙo ne da Turanci daga wani kamfanin caca na intanet, layi huɗu kacal. An rufe akawun ɗinsa saboda ya yi wasa da ƙa'idar garabasa, an soke naira 186,000 da ya ci, za a mayar masa da dubu goman da ya zuba tun farko, kuma hukuncin kamfani ba a ɗaukaka shi. Ya ce, "Kawu, kai ka san lissahi. Mi na yi musu?"

Faɗan da ya kamata in yi masa na yi, kuma ba shi ne zancen yau ba. Hukuncin caca ba ɓoyayye ba ne a garin nan. Ayar Baƙara ta 219 da ta Ma'ida ta 90 da 91 kowane ɗan Islamiyya ya ji su, kuma Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a a Oktoban 1999, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura. Yaron ya san haramun ne tun kafin ya fara. Abin da bai sani ba shi ne lissafin da ke ƙarƙashin abin, ni kuwa sana'ata ke nan fiye da shekara ashirin. Na karɓi wayar, na yi dare biyu ina karanta sharuɗɗan da ya danna wa "na yarda" ba tare da ya karanta ko layi ɗaya ba.

Mu fara daga kasuwa. In ka saba sayen tsire wurin mutum ɗaya, ranar da ya ga dama zai ƙara maka yanka biyu ya ce ga gyara. Ya yi ne don ka dawo gobe, kai ma ka sani, kuma babu cuta a ciki, domin ka tafi gida da nama. Kamfanin caca ma yana ba da gyara, sai dai ma'auninsa daban ne. Ba ya duba abin da ka saya, tunda ba ka sayi komai ba. Abin da yake aunawa shi ne nawa ake sa ran za ka yi asara.

Wannan dabara tana da tarihi. A 1997 kamfanin gidajen caca na Harrah's na Amurka ya fito da wani kati mai suna Total Gold. Ɗan caca zai zura katin a jikin injin caca kafin ya fara wasa, injin yana rubuta komai: nawa ya sa, sau nawa, ƙarfe nawa ya zo, yaushe ya tashi. A 1998 suka ɗauko wani malamin jami'ar Harvard, Gary Loveman, suka ba shi babban muƙami. Shi ya mayar da katin ma'adanar bayanai, aka sake masa suna Total Rewards, wanda yau ake kira Caesars Rewards. Da suka tace bayanan sai suka gano kashi 26 cikin ɗari na masu zuwa su ke kawo kashi 82 cikin ɗari na kuɗin shiga. Kuma ba attajirai masu jiragen sama ba ne. Talakawan gari ne masu ɗan rufin asiri, manyan mutane da tsofaffi, cikinsu har da malaman makaranta da suka ajiye aiki, masu zuwa a kai a kai su zauna gaban inji. Wannan na malaman makaranta ya tsaya mini a rai, ba sai na faɗi dalili ba. Da babban reshen kamfanin ya durƙushe saboda bashi a 2015, masu bin bashin sun yi wa wannan tsari na kati kuɗi kusan dala biliyan ɗaya. Jerin sunayen mutane da yadda kowa yake asara, shi ne kadarar.

Ga yadda ake auna mutum. A ce yana sa naira 500 a kowane juyi, yana juyi 400 a awa, ya zauna awa uku. Ya juya naira 600,000 ke nan, ko da dubu hamsin kawai ya shigo da ita, domin kuɗin da ya ci yana mayar da shi ciki. In injin an gina shi ya riƙe biyar cikin ɗari, to a littafin kamfani darajar wannan mutum a ranar naira 30,000 ce. Ko ya tashi da riba, ko ya tashi ba ko sisi, lambar ba ta canzawa, domin sun san in ya ci gaba da zuwa lissafi zai daidaita kansa. Daga cikin dubu talatin ɗin ake yanko wani abu a mayar masa: abinci kyauta, ɗakin kwana, maki, juyi kyauta. Sannan a jera matakai, wannan na zinare, wancan na lu'ulu'u, na can sama sai an gayyace ka. Mutum ya ga saura maki kaɗan ya hau mataki na gaba, sai ya ƙara zama awa biyu. A manhajojin da yaranmu ke riƙe da su babu ɗakin otal, amma ginin iri ɗaya ne: bonas na maraba, tikitin kyauta ranar Juma'a, mayar da wani kaso na abin da ka yi asara a mako, da ƙarin kaso in ka jera wasanni da yawa a tikiti ɗaya.

Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ya fi cin samarin majalisa. A ce ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya. Adalci shi ne wanda ya sa ɗari ya ci a ba shi ɗari biyu. Kamfani sai ya ba da 190. Ma'ana a kowace ɗari, 95 ke komawa ga 'yan wasa, biyar ta kamfani ce. Biyar ba ta da yawa. Amma in ka jera wasa biyar a tikiti ɗaya, wannan ragi yana ninka kansa, abin da ke komawa ya sauko kusan 77. Wasa goma, kusan 60. Wasa ashirin, bai kai 36 ba. To kamfanin da ke riƙe arba'in cikin ɗari a tikiti mai wasa goma, me zai rage shi in ya ce ya ƙara maka wani abu a kan abin da ka ci? Da kuɗinka ya yi maka kyautar. Shi ya sa ba za ka taɓa jin an rufe akawun ɗin mai jera wasa ashirin ba. Shi ɗan gida ne.

Yanzu bonas na maraba, wanda ya jefa yaron nan cikin rami. Ka zuba dubu goma, a ƙara maka dubu goma, allon waya ya nuna dubu ashirin. Ido ya ga kuɗi. Amma ba za ka iya cirewa ba sai ka juya shi adadin da aka gindaya. Adadin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Mu ɗauki sau 30 don misali. Sau talatin na dubu goma, 300,000 ke nan da za ka sa a wasa kafin a buɗe maka ƙofa. A inji mai riƙe huɗu cikin ɗari, asarar da ake sa ran ka yi a hanya 12,000 ce. Kyautar dubu goma, kuɗin hanya dubu goma sha biyu. In kuwa sharaɗin ya haɗa da kuɗinka da ka zuba, wato sau talatin na dubu ashirin, juyin ya zama 600,000, asarar 24,000, ta haura duk abin da ke cikin akawun ɗin. Ga kuma wa'adi, kwana bakwai ko makamancin haka, in ya cika ba ka gama ba komai ya tafi. Yaron ya ba ni labarin abokansa da garabasarsu ta ƙone a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar nan saboda matsalar tsaro. Mutane na tafiya har Funtuwa don su kira 'yan uwa su ce suna raye, wasu kuma a motar nan tikiti za su je dubawa. Allah ya kyauta.

To mene ne "wasa da ƙa'ida"? Da na karanta sharuɗɗan sai na ga abubuwa uku ne aka zuba a kwando ɗaya, alhali ba jinsinsu ɗaya ba.

Akwai ha'inci tsagwaronsa. Mutum ɗaya ya buɗe akawun huɗu ko goma da sunayen mutane daban don ya karɓi bonas na maraba sau goma. Ko ya yi amfani da katin bankin wani. Ko ya sa manhajar da ke ɓoye inda yake, yana Gusau ya nuna yana wata ƙasa. A gidajen caca na ƙasashen waje akwai masu tattara katunan mutane su zagaya suna kwashe wasan kyauta da aka ba kowane kati. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, ƙarya ce, kuma ɗan yayata ya yi ta. Da na matsa masa ya amsa cewa akawun huɗu gare shi: nasa, na abokinsa, na yaron shagonsu, da na huɗu da ya ƙi faɗin mai shi a ranar. Yadda aka kama shi ma ba wani tsafi ba ne, kuma shi mai gyaran waya ya fi ni sani. Kowace waya tana da lambarta da alamominta, kowane layin intanet yana da adireshinsa, kuma kuɗin duka huɗun daga wurin mai POS ɗaya suka fito cikin awa guda. Tunda Babban Banki ya kawo BVN a 2014, aka kuma ɗaure layukan waya da lambar NIN, ɓuya ta yi wuya. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Na biyu shi ya fi ba ni sha'awa a matsayina na malamin lissafi, domin babu ƙarya a cikinsa ko kaɗan. Ɗauki wasan rulet, faifan nan da ake juyawa a jefa ɗan ƙwallo. Irin na Turai yana da gurbi 37: ja 18, baƙi 18, kore ɗaya. In ka sa ɗari a kowane gurbi ka kashe 3,700, dole ɗaya ya ci, a ba ka 3,600. Ɗarin da ta ɓace ita ce rabon gida, wato 2.7 cikin ɗari. Irin na Amurka yana da kore biyu, rabon gida ya haura biyar. Yanzu a ce mai wayo ya karɓi bonas ɗin nan mai sharaɗin juya 300,000. Sai ya sa dubu a ja, dubu a baƙi, lokaci ɗaya. Sau 36 cikin 37 kuɗinsa zai dawo cif, amma na'ura ta rubuta ya juya dubu biyu. Haka zai yi ta yi har ya cika. Abin da kore zai cinye masa a hanya kusan 8,100 ne. Ya rage masa kusan 1,900 daga kyautar, ga dubu gomansa lafiya lau. Dara ta ci gida. Bai saci komai ba, bai yi ƙarya ba, wasan da suka shimfiɗa ya buga. Amma za ka tarar an rubuta a sharuɗɗa cewa wannan laifi ne, ko a ce rulet ba ya shiga lissafin juyi, ko kaɗan daga cikinsa ake ƙirgawa. Haka wanda ya sa tikitin kyauta a kan wata ƙungiya a wannan kamfani, ya je wani kamfani ya sa kuɗi a kan kishiyar sakamakon, ta yadda ko ta ina ta faɗi yana da ɗan abu. Shi ma in an gane shi, a hana shi garabasa ko a rage masa abin da zai iya sawa har ya gaji ya tafi.

Nan ne na fahimci ma'anar kalmar a bakinsu. Tsutsa ce aka sa a bakin ƙugiya. Kifin da ya haɗiye duka, shi ne abokin hulɗa mai daraja, a yi masa mataki na zinare. Wanda ya lallaɓa ya cinye tsutsar ya bar ƙugiya, shi ne mai wasa da ƙa'ida. Ko a manyan gidajen caca haka abin yake. Wanda aka ba ɗaki kyauta ya zo ya kwana bai zauna gaban inji ba, ba za a yi masa faɗa ba, amma lambarsa za ta faɗi, tayin wata mai zuwa ya ragu ko ya ɗauke. Wanda ya daina zuwa na wasu watanni, makin da ya tara ya ƙone.

Ba ƙananan mutane kaɗai abin ke samu ba. Phil Ivey, Ba'amurke, yana cikin shahararrun 'yan karta na duniya. A 2012 ya ci fam miliyan 7.7 a gidan caca na Crockfords da ke Landan. Shi da abokiyar wasansa sun lura zanen bayan katunan yana da ɗan bambanci tsakanin gefe da gefe, sai suka riƙa roƙon mai rabo ta juya wasu katunan, wai don sa'a. Hannunsa bai taɓa kati ba. Gidan ya mayar masa da fam miliyan ɗaya da ya zuba, ya hana shi sauran. Ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Birtaniya, a Oktoban 2017 ta ce abin da ya yi maguɗi ne. Shari'arsa ba ta bonas ba ce, amma da na ba yaron labarin sai ya yi dariyar dole, domin tsarin iri ɗaya ne da nasa: ga uwar kuɗinka, riba kuwa sai dai ka ji a salansa. Bambancin, shi Ivey yana da lauyoyi da kotun da za ta saurare shi shekara da shekaru.

Kashi na uku shi ya fi damuna, domin mutanenmu ya fi faɗawa, kuma ba su yi komai ba. Kusan duk sharuɗɗan nan suna cewa garabasa ɗaya ga mutum ɗaya, gida ɗaya, waya ɗaya, layin intanet ɗaya. Wanda ya rubuta wannan yana tunanin gida mai mutum uku ne da lamba a jikin ƙofa. Gidanmu na gado a cikin gari, magidanta bakwai ne, samari sun fi ashirin, zaure ɗaya. A majalisa mutum ɗaya ke sayen data ya buɗe wa biyar su jona. Waya kuwa sai ta zaga hannu huɗu kafin ta mutu, kuma ba wanda ya san abin da mai ita na farko ya yi da ita. A idon na'urar kamfani duk waɗannan mutum ɗaya ne mai akawun da yawa. Sai batun suna. Mutum a katin ɗan ƙasa Muhammadu, a banki Mohammed, a layin waya Muhammad. Wani Garba ne a gida, Abubakar a takarda. Ranar haihuwa kuwa, rabin tsararrakina 1 ga Janairu aka rubuta mana. Duk wannan ba ya hana a karɓi kuɗinka. Za ka yi wata shida kana lodawa ba wanda ya tambaye ka ko sunan babanka. Ranar da ka ci abu mai kauri ka danna cirewa, ranar ce za a ce kawo kati, kawo hoto, kawo takardar banki, sunan nan bai yi daidai da wancan ba. Akwai kuma ƙananan tarkuna, irin a ce muddin bonas na aiki kada ka sa fiye da kaza a juyi ɗaya. Manhajar ba za ta hana ka sawa ba, za ta karɓa salin alin. In ka faɗi shike nan, ba mai tada zancen. In ka ci sai a zaro dokar.

Kada a ce son zuciyata ce ta sa na ga haka. A Birtaniya, inda caca halas ce a dokarsu, hukumar kula da gasa da kasuwanni ta buɗe bincike a 2016 kan irin waɗannan sharuɗɗa, kuma a 2018 manyan kamfanoni irin su Ladbrokes da William Hill suka ɗauki alkawarin gyara yadda suke tafiyar da garabasa, ciki har da barin mutum ya cire kuɗinsa na kansa duk lokacin da ya so. Daga Mayun 2019 hukumar caca ta ƙasar ta wajabta a tantance mutum tun kafin ya fara wasa, ba sai ya zo cire kuɗi ba. A 2020 ta ɗaure tsarin manyan baƙi da ake kira VIP, ta ce sai an bincika ko mutum yana da halin abin da yake kashewa, bayan bayanai sun nuna wani kamfani kashi 83 cikin ɗari na kuɗin da ake zuba masa daga kashi biyu kacal na abokan hulɗarsa yake fitowa. A 2025 kuma ta sanar da cewa sharaɗin juya bonas ba zai wuce sau goma ba. Duk wanda ya ga an yi doka a kan abu, ya san abin ya faru har ya ishi mutane.

Mu a nan fa? Dokar caca ta tarayya ta 2005 ita ta kafa hukumar da ta riƙa ba da lasisi daga Abuja. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da jihar Legas ta jagoranta, ta ce wannan hurumin jihohi ne, dokar tarayya Abuja kaɗai ta shafa. Legas na da hukumarta, tana ba da lasisi, tana karɓar haraji, ɗan Legas na da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Jihar da ta haramta caca kuwa ba za ta buɗe teburin sauraron koken 'yan caca ba, kuma daidai ne, ba za a hana abu da dama a yi masa alƙalanci da hagu ba. Shago ana iya rufe shi, kamar yadda Hisbah ta yi a Kano a 2024, amma shagon yanzu yana cikin aljihu. Wasu manhajojin ma lasisinsu daga wani tsibiri ne mai suna Kurasawo, can yankin Karebiyan. Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, amma ka nuna mini saurayin Gusau da zai rubuta sunansa da na mahaifinsa a takarda ya ce an cuce shi a caca. Ba zai je wurin mai unguwa ba, ba zai je wurin alƙali ba, ko mahaifinsa ba zai gaya wa ba. Yaron nan kwana tara ya yi yana aika saƙo, amsa ɗaya ake maimaita masa, kafin ya iya tunkarata. Kuɗin ɗan Zamfara yana shiga kamar na kowa, kukansa ne ba ya fita. Ina zaton babu abokin ciniki mai daɗin sha'ani ga kamfani kamar wanda kunya ta ɗaure wa baki.

Ban ce yaron yana da gaskiya ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ya danna ya yarda, sannan ya yi ƙarya a kai. Ko a Landan aka kai maganarsa faɗuwa zai yi. Abin da na ce masa shi ne ya lura da wanda ya rubuta dokar, da wanda ke fassara ta, da wanda ke yanke hukunci, da wanda kuɗin ke hannunsa. Duk mutum ɗaya ne. A cikin sharuɗɗan har akwai layin da ya ce kamfani na iya soke garabasa in ya yi zargi kawai, kuma yana iya canza sharuɗɗan duk lokacin da ya ga dama. Ko dillalin shanu a kasuwar Talatar Mafara ba a ba shi wannan dama.

Akwai ɓarnar da ba ta cikin lissafi. Abokin da ya ba shi aron suna an yi da shi za a ba shi kaso. Da kuɗi suka maƙale bai yarda ba, ya ce an cire an ɓoye masa. Yara biyu da suka tashi tare tun makarantar allo, yau wata uku ba sa gaisawa. Ayar Ma'ida ta ambaci gaba da ƙiyayya, na karanta ta sau ba adadi, ban taɓa ganinta tsaye a ƙofar gidana ba sai bana. Kuma sana'a ce yanzu, ana bin mutane ana ba su dubu ɗaya ko biyu su ba da lambar NIN da hoton fuska, ko a buɗe akawun na banki da BVN ɗinsu. Mai sunan ba ya sanin abin da za a yi da shi. In caca ce kawai da sauƙi. In kuɗin damfara ne ko na fansa ya bi ta ciki, a jihar da kowa ya san halin da ake ciki, ƙofar mai sunan za a buga. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Wani abu da na gani da idona. A shagon da yaron ke aiki akwai wani magidanci mai sayar da gilashin waya, shekara biyu yana bugawa, shi da bakinsa ya ce abin da ya zuba ya isa sayen babur. Akawun ɗinsa ɗaya, sunansa daidai, bai taɓa karya doka ba. Ya nuna mini wayarsa da alfahari: an ɗaga shi mataki, duk mako ana ba shi tikitin kyauta, in ya yi kwana uku bai shiga ba a aiko masa da saƙo an yi kewarsa. Ya ce ɗan yayata garaje ne ya yi, shi ga shi kamfani na mutunta shi. Na tambaye shi ko ya taɓa haɗa abin da aka ba shi kyauta ya kwatanta da abin da ya zuba. Ya ce bai taɓa ba. Na ce in ya kawo mini tarihin akawun ɗin zan haɗa masa a minti goma, ba ko kwabo. Har yau bai kawo ba, in ya hango ni ma sai ya shiga neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

Akawun na huɗu kuwa, ban daɗe ba na san mai shi. Bayan sati biyu yayata ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ciro 'yar ƙaramar wayarta mai madannai daga bakin zane. Ba ta yi boko ba, Alƙur'ani take karantawa da ajami. Ta ce, "Malam ƙarami, duba min wanga abu. Kullum sai ya yi ƙara, har cikin dare. Yaron nan ya amshi katina kwanaki, ya ce tallafi za a rubuta mu."

Na duba. Saƙonni goma sha ɗaya, ba ma daga kamfanin da ya rufe shi ba, daga wasu biyu daban. Na baya-bayan nan ya kira ta da cikakken sunanta, ya ce ta zuba dubu biyar a ba ta dubu biyar kafin wasan daren Lahadi.

Ta ajiye faifan, ta kalle ni. "Tallahin ne ya hito?"